Farin kabejina ya ƙulla kai kamar ƙwan kaza, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, kabeji da latas da karas duk suna yi mini kyau. Bara na sayi irin farin kabeji na shuka, ya tsiro lafiya, na dasa guda 20. Wasu suka ƙulla kai tun suna ƙanana, kan bai wuce ƙwan kaza ba. Wasu kuma ganye kawai suka yi ta yi har na gaji na tumɓuke su. Irin ne ba shi da kyau, ko ni ce na yi kuskure? Ina so in sake gwadawa bana, daga iri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a ɗora wa iri laifi, abu biyu nake so ki tuna: kwana nawa tsiron ya yi a wurin reno kafin ki dasa shi, kuma a wane wata kika shuka. Tunda irin ya tsiro lafiya, ina kyautata zaton amsar tana cikin waɗannan biyun.

Nasarar da kike samu da kabeji ita ce ta yaudare ki, kuma ba ke kaɗai ba. Su biyun jinsi ɗaya ne, masana na kiran su Brassica oleracea, irinsu ma in an zuba a tafin hannu ba a bambance su. Amma abin da ake yanka a jikinsu ya sha bamban. Kan kabeji ganye ne da ya naɗe kan ganye, saboda haka in ya sha wuya na mako guda, da an ba shi ruwa sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Farin curin nan na farin kabeji ba ganye ba ne. Shirin fure ne da bai kai ga zama fure ba, dubban ƙananan toho da suka cunkushe wuri guda. Shukar tana fara rayuwa da fidda ganye, sai wata rana tsakiyarta ta juya ta koma haɗa curi, kuma daga ranar ba ta ƙara ƙirƙirar sabon ganye, sai dai waɗanda ta riga ta fara su ƙarasa girma. Ganyen da ta tara kafin ranar su ne za su ciyar da curin. In ta juya tana da manyan ganyaye masu faɗi, za ki samu kai mai cika hannu biyu. In ta juya tana 'yar tsumburarriya da ganye bakwai ko takwas, ƙwan kazan nan da kika gani shi ne iyakar abin da za ta iya, kuma babu takin da zai gyara shi daga baya.

Me ke sa ta juya da wuri? Wahala. Daɗewa a wurin reno har saiwa ta cika mazubi ta nannaɗe, ƙishirwa, yunwar taki, tsananin sanyi yana ƙarami, ko karyewar saiwa wajen dashe. Me ke hana ta juyawa sam? Zafi. Yawancin ire-iren farin kabeji sun fi son digiri 15 zuwa 20 a ma'aunin Selshiyos lokacin ƙulla kai. In zafi ya zauna sama da 25 dare da rana, sai su yi ta ganye suna jiran sanyin da ba ya zuwa. Kin ga ke nan abubuwa biyun da suka same ki tushensu ɗaya: waɗanda suka fi shan wuya sun yi gaggawa, waɗanda suka tsira kuma zafi ya riske su.

Akwai dalili na uku da ya kamata ki duba bana. Wani lokaci shukar da ta ƙi ƙulla kai makauniya ce, wato an cinye mata tohon tsakiya tun tana ƙarama, ko tsutsa ko rauni wajen dashe. Ana gane ta da 'yan ganyaye kaɗan, manya, masu kauri da duhun kore, in kika buɗe tsakiya ba ki ga komai yana fitowa. Wannan ko shekara za ta yi ba za ta ba ki kai ba. A cire ta a sa wata.

To, aikin yana farawa ne da kalanda, ba da fartanya ba. Ki nemi makonnin da suka fi sanyi mai daɗi a inda kike, ki sa su su zama lokacin ƙulla kai, sannan ki ƙirgo baya. Kwanakin da ake rubutawa a jikin ledar iri yawanci daga ranar dashe ake ƙirga su, ba daga ranar shuka ba, kuma wannan yana rikita mutane da yawa. In an rubuta kwana 60, ki ƙara kwana 35 na reno, ya zama 95, wato wata uku da 'yan kwanaki kafin ranar da kike son yanka. A ƙasashe masu zafi dama ɗaya ce a shekara, lokacin sanyi, kuma hakan na nufin za a yi renon tun zafi bai gama sauka ba, don haka sai da 'yar inuwa. A ƙasashen da ake ƙanƙara dama biyu ce, kafin zafi ya shigo da kuma bayan ya wuce, kuma ta biyun ta fi sauƙi domin yanayi yana ƙara sanyi ne daidai lokacin da curi ke girma.

Sai zaɓen iri. Nan ne kawai zan yarda iri na iya zama da laifi, ba don ya lalace ba, sai don ba na yanayinki ba ne. Dangin da ake kira Snowball an saba da su a ko'ina, suna ba da kai fari tas mai nauyi, amma sanyi sosai suke so. Manoman Indiya, waɗanda su da na Sin suka fi kowa noma wannan kayan lambu a duniya, sun daɗe suna zaɓo nau'o'in da ke ƙulla kai cikin ɗumi, kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar da ke New Delhi ta fitar da irin su Pusa Deepali, wanda ke yin kai a digiri 20 zuwa 25. Kawunansu sun fi ƙanƙanta, ba su kai Snowball fari da tauri ba, amma kai ƙarami ya fi babu. In inda kike da zafi, ki nemi ledar da aka rubuta cewa irin na jure zafi ne kuma mai saurin nuna. Snow Crown, alal misali, yana yi cikin kusan kwana 50 daga dashe. Sai dai ki sani, masu saurin nan su ne suka fi saurin yin ƙwan kaza in aka bar su suka tsufa a wurin reno, domin agogonsu gajere ne. Akwai masu launin ruwan lemo irin Cheddar da masu shunayya irin Graffiti, suna da kyau ga mai lambun gida saboda ba sai an rufe musu kai daga rana ba. Mai tsini-tsinin nan kore, Romanesco, ki bar shi tukuna sai hannu ya faɗa.

Yanzu reno, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Na fi son faranti mai ramuka ko ƙananan kofuna da aka huda ƙasansu, maimakon watsa iri a fangali, saboda kowane tsiro zai tashi da dunƙulen ƙasarsa ba a taɓa saiwa ba. Ƙasar renon ta zama mai laushi, wadda ba ta riƙe ruwa: ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, a gauraya da yashi ko turɓaya mai tsabta. Kada ki ɗebo daga inda kika yi kabeji bara. Ki sa ƙwaya biyu a kowane rami, zurfin santimita 1, kada ya wuce haka, ki rufe ki yayyafa ruwa. Cikin kwana 5 zuwa 10 za su fito. Da sun yi ganyen gaskiya na farko, wato wanda ke fitowa bayan 'yan ganye biyun da tsiro ke fara ɓullowa da su, ki sa almakashi ki datse mai rauni, kada ki tumɓuke, don za ki girgiza saiwar ɗan'uwansa.

In irin naki ba a shafa masa magani ba, akwai wani rigakafi da ya cancanci wahalarsa. Cutar da ake kira baƙin ruɓa, wadda bakteriyar Xanthomonas ke kawowa, a jikin iri take tafiya. Tana fara nuna kanta da rawaya a bakin ganye mai siffar harafin V, jijiyoyin ganyen su yi baƙi, kuma in ta shiga lambu babu feshin da ke warkar da ita. Ana jiƙa iri a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 20, a tsoma shi a ruwan sanyi, a shanya a inuwa, a shuka. Amma sai da ma'aunin zafi a hannu. In ba ki da shi kada ki yi da ka, za ki dafa irin ne. Irin da ya zo da launi, ja ko kore ko shuɗi, an riga an yi masa magani, a bar shi yadda yake.

Abu biyu ke kashe tsiro a wannan mataki. Na farko yawan ruwa. Za ki tashi da safe ki tarar da tsiro a kwance, gindinsa daidai bakin ƙasa ya sirance ya yi baƙi kamar an matse shi da zare. Funfuna ce, kuma laima da rashin iska take so. Ruwa da safe kawai, a bar saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin a ƙara. Na biyu ƙarancin haske. Inuwar da na ce ta tsakar rana ce, ba ta yini ba. Tsiron da ya tashi a duhu yakan yi dogon wuya siriri, ya yi fari-fari yana rangaji, kuma ba ya zama shuka ta ƙwarai. Wanda ake nema gajere ne kakkaura mai duhun kore. Daga mako na biyu ki riƙa ba su ɗan takin ruwa mai rauni sau ɗaya a mako, domin abincin da ke cikin ɗan rami ba ya daɗewa. In ganyen ƙasa ya fara komawa rawaya ko shunayya, yunwa ta riga ta kama.

Ranar dashe ba ta jira. Mako 4 zuwa 5, ganyen gaskiya huɗu ko biyar, shi ke nan. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure: fangali bai gama shiri ba, na ce bari su ƙara mako biyu, ai ga su nan kore shar. Da na zare ɗaya daga rami sai na ga saiwa fara fat ta zagaye ƙasar kamar ƙwallon zare, karan kuma ya yi tauri kamar tsinke. Na dasa su duk da haka. Mako uku bayan nan kowanne ya fito da ɗan farin maɓalli a tsakiya. Tun daga lokacin nake gama gyaran fangali kafin in zuba iri, kuma in tsiro ya wuce mako 6 ina zubar da shi in sake sabo, ko da raina bai so ba. Juma'ar da za ta yi kyau, ai tun daga Laraba ake gane ta.

Mako guda kafin dashe ki fara fito da su rana da iska, kullum ana ƙara lokaci, don su saba. Ki dasa da yamma, bayan kin jiƙa su sosai. Ki binne kara har zuwa gindin ganyen farko, ki danne ƙasa da kyau ta yadda in kika ja ganye a hankali shukar ba za ta motsa ba, amma kada ƙasa ta shiga tsakiya. Tazara santimita 45 zuwa 60 ta kowane gefe. Za ki ga fili fetal ki ji kamar ɓarna ce. Ba ɓarna ba ce, nan da wata guda ganye zai rufe shi, kuma cunkoso ƙananan kawuna yake haifarwa. Ki ajiye tsiro biyu ko uku a gefe don cike gurbi.

Farin kabeji mai ci ne. Fangali ya samu rana aƙalla awa 6, a zuba masa ruɓaɓɓen taki mai yawa, kamar bokiti guda a kowace murabba'in mita, a juya shi da ƙasa makonni kafin dashe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. In kina amfani da takin zamani, cikin tafin hannu ɗaya na NPK a murabba'in mita ya isa a farko, sannan mako uku bayan dashe a ba kowace shuka kamar ƙaramin cokali na yuriya, nesa da kara da faɗin hannu, a rufe a ba da ruwa. Za a iya maimaitawa sau ɗaya. Da zarar curi ya bayyana a daina, domin abincin ganye a lokacin yana sa kai ya saki.

Tsamin ƙasa yana da muhimmanci a nan fiye da yadda yake ga latas ko karas. Ana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance 6.5 zuwa 7. A ƙasa mai tsami shukar ba ta iya jan sinadarin molibdenum, sai sababbin ganye su fito sirara a murɗe, kusan jijiyar tsakiya kaɗai, kamar bulala. Ƙasa mai tsami kuma ita ce gidan cutar kumburin saiwa, wadda ke sa shuka yaushi da rana ta farfaɗo da yamma, in an tumɓuke a ga saiwa ta yi gulu-gulu. Ƙwayar wannan cuta tana iya zama cikin ƙasa har kusan shekara 20. Farar ƙasa ta noma tana rage tsami, tokar itace ma tana taimakawa kaɗan. Kuma kada ki dasa inda kabejinki ya zauna, a ba wurin shekara 3 ko 4 ana shuka abin da ba danginsu ba. Ɗaya sinadarin shi ne boron. Rashinsa ke sa kara ya yi rami a ciki, curi ya yi tabo ruwan kasa ya yi ɗaci. Inda ake zuba taki sosai ba a cika ganin haka ba. In kin gani, giram 1 na boraks, garin da ke ɗauke da boron, a narke cikin ruwa ya isa murabba'in mita guda, kuma kada a ƙara, don tsakanin magani da guba a nan ɗan taƙi ne.

Ruwa kuwa, daidaito ake nema. Lita 25 zuwa 40 a murabba'in mita kowane mako, a raba sau biyu ko uku, a ƙasa mai yashi ko lokacin busasshiyar iska fiye da haka. Ki tura yatsa: in gaɓa biyu a bushe suke, lokaci ya yi. A zuba a gindi, ba a kan ganye ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan fangali tana riƙe danshi tana sanyaya saiwa, kuma tana rage noma, wanda alheri ne domin saiwar a sama-sama take, fartanya na yanke ta.

Maganar ƙwari ba ta da tsawo in kin yi abu ɗaya: ki rufe da raga mai ƙananan ido, irin ta gidan sauro, tun daga wurin reno har bayan dashe, a binne bakinta da ƙasa. Shukar ba ta buƙatar ƙudan zuma tunda ba fure ake jira ba. Babban maƙiyi wani ɗan asu ne, Plutella, wanda 'yar tsutsarsa kore ke cin bayan ganye ta bar fata kamar gilashin taga, in an taɓa ta ta yi tsalle baya ta rataya da zare. Ta yi suna wajen gagarar magungunan feshi. A wurare masu zafi akwai wata, Hellula, mai huda tohon tsakiya, ita ce ke makantar da shuka. In babu raga, ki duba bayan ganye da tsakiya sau biyu a mako, ki murje da hannu. Shuka 20 ba ta fi ƙarfin hannu ba. In abin ya yi yawa, maganin Bt, wanda bakteriya ce mai kashe tsutsa kaɗai, ana fesa shi da yamma tun tsutsotsin suna ƙanana. Darɓa kuma ruwan sabulu mai sauƙi yana kore ta.

Wata safiya za ki buɗe tsakiya ki ga ɗan farin curi kamar ƙwan kaza. Kada gabanki ya faɗi. Bambancin wannan da na bara shi ne yanzu yana zaune cikin manyan ganyaye, farkon girmansa ne ba ƙarshensa ba. Lokacin rufe kai ke nan, domin rana tana mai da shi rawaya. Ki tattaro ganyaye uku ko huɗu na waje ki ɗaure bakinsu sama da curin da zare ko roba, sako-sako don iska ta shiga kuma kai ya samu wurin girma. Ki yi haka ganye na bushe, in ba haka ba ruɓa za ki kulle a ciki. Wasu kan karya ganye ɗaya su kwantar a kai, ya wadatar. Wasu nau'o'in da kansu suke lulluɓe kansu. Rawayar ba ta hana ci, kyan gani kawai take ragewa.

Daga nan leƙe kullum. Cikin ɗumi mako guda ya isa, cikin sanyi yana kai mako biyu. Ki yanka yana dunƙule da tauri, fuskarsa sumul, faɗin santimita 15 zuwa 20 ko ƙasa da haka in nau'in ƙarami ne. Kada ki bi girma. Da kin ga gefe ya fara rarrabuwa, ko fuskar ta yi gashi-gashi kamar an barbaɗa tsaki, ko ƙananan koren ganye na ɓullowa ta cikin curin, ki yanka ranar, domin gobe zai fi haka muni. Zafi da sauyin yanayi ke jawo waɗannan. Yanka da safe, a bar masa 'yan ganyaye su kare shi. Shuka ɗaya kai ɗaya take bayarwa, don haka bayan yanka a tumɓuke gindin da saiwarsa a fitar daga fangali.

Wannan ya kawo ni kan adadin da kika dasa. Guda 20 a rana ɗaya, musamman in irin F1 ne, wato wanda aka samu ta hanyar auren nau'i biyu, kusan mako ɗaya za su nuna gaba ɗaya, kuma ba sa jira a gona. Bana ki raba: ramuka bakwai yau, bakwai bayan kwana 10, bakwai bayan wasu 10. Ko da kin kuskure lissafin sanyi, ɗaya daga cikin ukun zai faɗa daidai, kuma shi zai gaya miki ranar shukar baɗi, in kin rubuta kwanan wata a jikin kowane faranti. Ragowar irin bara ma ba sai kin zubar ba in nau'in ya dace da yanayinki. Yana kai shekara 4 in an ajiye shi a rufe wuri mai sanyi da bushewa. Ki ɗauki ƙwaya 10 ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki duba bayan mako guda. In bakwai ko takwas sun tsaga, ki shuka abinki.